Tazarar Yatsu Biyu

Wata bakwai ina jera kaya a kantocin babban shago,
ina cusa rand a tsohon gwangwanin madara,
na bar kifi da dankali na ranar Juma'a,
na bar aski sai da Mama ta yi magana.
Kuɗin ba su kai na masu suna ba.
Na sayo sifirin huɗu, jajaye, a kwalin da ya sha ruwa,
da shakazoba na hannu daga wani mutumin Athlone
wanda ya rantse sau uku ban tambaye shi ba.

Asabar, Mitchells Plain, iskar teku na cika mana ido da yashi.
Shamiel ya zo da jak na aro da bakinsa da ba ya hutu.
"Da ka yanke tsofaffin kawai," in ji shi, "kyauta ne."
Na ce araha ba ta ado,
na ga Golf ɗin Riedewaan tana tsalle kamar kwaɗo a hanyar Spine.

Muka ɗora Corolla ɗin Baba a kan bulo.
Noti na farko ya ƙi.
Shekara ashirin da biyu gishirin teku na ɗaura masa aure da ƙarfe.
Muka ba shi mai, muka ba shi guduma,
muka ƙara wa sifana bututu,
Shamiel ya hau da ƙafa yana salati,
sai ya saki da ƙara irin ta tsohuwar ƙofa,
ya tafi da fatar yatsana a matsayin lada.

Da la'asar muka jera tsofaffin sifirin a ƙasa.
Uku kansu ɗaya.
Na huɗu, na gaba ta dama, ya gaza 'yan'uwansa da faɗin yatsa.
Shamiel ya buɗe baki, ya rufe.
Nan Baba yake zama.
Kowace asuba zuwa tashar jiragen ruwa, kowane dare zuwa gida,
ƙarfe yana ƙirga nauyinsa ba wanda ya sani.
Ashe tun kafin in tara ko sisi
ya riga ni sauke motar nan, a hankali, ta gefe guda.

Magariba ta same mu muna kwance jak.
Ta sauka, ta ƙara sauka, ta zauna
kamar kyanwar da ta hango tsuntsu.
Na sa hannu tsakanin taya da bodi: yatsu biyu, da ƙyar.
Can nesa Dutsen Tebur ya yafa farin gajimarensa,
ban ko dube shi sau biyu ba.

Litinin na kai Mama asibitin gwiwa.
Tudun rage gudu uku ne kafin ƙofa.
Na karkace, na hau a kaikaice, taya ɗaya bayan ɗaya,
tasi na bayana tana zuba ham kamar ana binta bashi,
salansa ta gogi kwalta, ƙiii, har cikin haƙorina.
Mama ta riƙe jakarta, ta riƙe dariyarta, ɗaya ta kuɓuce.
"Faizel," ta ce, "mota ta koyi sunkuyar da kai,
saura mai ita."

Fitowa ce aiki. Sai da na ba ta hannu biyu,
ta taso tana kiran sunan kakannina ɗaya bayan ɗaya.
Amma ba ta saki hannun ba har bakin layi.

Uku na sayar wa mai gwangwan, kuɗin burodi.
Gajeren yana ƙarƙashin gadona.
Wani dare nakan ɗora tafin hannu, in danna da dukan ƙarfina,
ko motsi ba ya yi.